Hannu Kafin Ƙafa: Lacca Kan Kurakuran Mahaya a Wasan Diresaj

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa mahaya da masu kula da barga, sannunku da zuwa.

Wasan diresaj, wato horar da doki har ya riƙa taku da sassarfa da juyi kamar mai rawa, ya shiga gasar Olamfik tun 1912 a birnin Stockholm. Ana yinsa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, alƙalai suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Mai kallo yakan ɗauka doki ne ke cin makin, amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san galibin makin da ake asara, mahayi ne ya zubar da su.

Kuskuren da ya fi yawa yana hannu. Sabon mahayi ya ga dawakin manyan gasa wuyansu a lanƙwashe, kai a sunkuye, sai ya ɗauka daga nan ake farawa. Ya ja linzami, ya riƙe, doki ya sunkuyar da kai dole. Da ido kam ya yi kyau. To amma ku dubi bayan dokin: ya sanƙare, ƙafafun baya suna jan ƙasa, baki a buɗe, wutsiya tana ta kaɗawa. Jamusawa, waɗanda suka fi kowa tsara wannan horo, sun jera shi matakai shida, kuma na farko shi ne daidaiton taku, sai sakin jiki, sannan a zo ga haɗuwar hannun mahayi da bakin doki ta linzami. Tattara jikin doki, wato ya ƙara mayar da nauyinsa kan ƙafafun baya, abin da kowa ke ɗoki, shi ne na ƙarshe. Ƙarfi daga baya yake tasowa, ƙafar mahayi ce ke kiransa, hannu kuwa karɓa kawai yake yi. Wanda ya fara da hannu ya ɗora rufi kafin ya gina bango.

Wannan ɗabi'a ta kai har manyan fage. An yi shekaru ana taƙaddama kan matse wuyan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, sai a 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ce yin hakan da ƙarfin tsiya bai halatta ba. Mu ma nan, kun san linzaminmu na gargajiya da ake zamiya da shi ranar hawan sallah yana da kaifi. Hannun da ya saba da shi sai ya sake koyon sassauci kafin ya shiga wannan fili.

Akwai kuma kuskuren zaman sirdi: mai karkata gefe guda, mai kallon ƙasa, mai danna likafa ɗaya. Doki yana jin duk wannan, ya karkace, sai a ce dokin ne mai taurin kai.

Nan ne abin ya fi damuna, 'yan'uwa. Mahayi ya ba da umarni biyu masu karo da juna, kaimi yana cewa tafi, linzami yana cewa tsaya, doki ya rikice, sai bulala ta biyo baya. Kada ku ce ƙananan mahaya ne kaɗai. A 2024 Charlotte Dujardin ta Birtaniya, mai lambobin zinare uku na Olamfik, ta janye daga gasar Olamfik ta Paris bayan fitowar wani bidiyo da ya nuna tana zabga wa doki bulala a ƙafafu wajen horo, daga baya aka dakatar da ita shekara guda.

Doki ba ya shiga gasar ƙoli sai ya kai shekara takwas, domin tsokar baya da ta cinya sai a hankali suke ginuwa. Saboda haka idan dokinku ya ƙi wani motsi, ku fara duba haƙoransa, da zaman sirdi a bayansa, da hannunku. In duk lafiya, ku koma matakin da ya iya, ya yi shi daidai, ku sassauta linzami nan take ya gane ya yi daidai, ku sauka. Yanzu sai mu ji tambayoyinku.