Ƙwayar Batir Tana Rawa a Gidanta: Yadda Ake Gano Laifin da Gyara Shi

Assalamu alaikum. Idan ka haɗa batirin litiyam da hannunka, ko da sababbin ƙwayoyi ko da waɗanda aka ciro daga tsofaffin batiran laftof, ɗauke shi ka girgiza kusa da kunnenka. Ka ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ciki? To kada ka sa shi caji sai ka gyara.

Ga dalili. Ƙwayar da ba ta zauna daram ba, bakinta ba ya manne wa ƙarfen da ke ɗaukar wuta, sai wutar ta riƙa kutsawa ta ɗan ƙaramin wuri. Mu ɗauka turjiyar wurin ta kai om 0.05, kana kuma jan amfiya 10. Ka yi asarar rabin volt, sannan wat 5 na zafi ya taru a wurin da bai fi ƙwayar gero ba. Zafin zai kashe ƙarfin sifirin ɗin da ke danne ƙwayar, ya tausasa robar gidan da take zaune a ciki, ƙwayar ta ƙara sakwarkwacewa, zafi ya ƙaru. Haka abin yake ci gaba har roba ta narke. Kafin a kai nan akwai alamu: na'ura tana ɗaukewa idan an motsa ta, BMS, wato allon da ke kare batirin, yana yanke wuta tun caji bai ƙare ba, ko ka ga bakin ƙarfe ya yi baƙi.

Kafin ka buɗe, cire caja da duk abin da ke jan wuta. Cire zobe da agogo. Yi aiki a kan katako ko siminti, kuma ka naɗe jikin filaya da sukudireba da tef, ka bar bakin kawai.

Fara da tsawo. Lambar 18650 da ake kiran irin waɗannan ƙwayoyi da ita tana nufin kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Amma ƙwayoyin da aka sa wa na'urar kariya a gindi sukan kai milimita 68 zuwa 70, kuma gidaje masu sifirin da yawa don su aka yi. Ƙwayar laftof gajeriya ce, kanta a shafe yake, shi ya sa take yawo a irin wannan gida. Idan gidan mai lanƙwasasshen ƙarfe ne, cire ƙwayar ka ɗan turo ƙarfen ciki da filaya, ka goge tsatsa da sanfefa mai laushi. Idan sifirin ne kuma ya canja launi ko ya kwanta, ya riga ya mutu, miƙe shi ba zai daɗe ba. Canja gidan.

Kada ka cusa takardar azurfa ta kwalin sigari, ko kwabo, ko ɗan maganaɗisu don cike gurbin. Mutane suna yi, kuma yana aiki na ɗan lokaci, amma abin da aka cusa yana iya zamewa ya haɗa fositif da negatif.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi komai haɗari, kuma ina so ka kalli ƙwayar nan da kyau. Duk jikin gwangwaninta negatif ne, daga gindi har gefen kai. Fositif ɗan madannin nan ne kawai na tsakiya, kuma 'yan milimita ne tsakaninsa da gefen. Abin da ke raba su shi ne ledar da ke jikin ƙwayar da zoben takarda da ke kanta. Ƙwayar da take rawa tana goga ledarta da gidan kullum, musamman a batirin da ke kan babur ko keke, har ledar ta huje. Ranar da gwangwanin ya taɓi maƙwabcinsa na wani rukunin ƙwayoyi, ko farantin nikel da ke haɗa ƙwayoyin ya taɓi gefen, wuta za ta tashi, kuma BMS ba zai iya tare ta ba domin haɗuwar a bayansa ta faru. Duk ƙwayar da ledarta ta yage, sa mata sabuwa da sabon zobe kafin ta koma.

Sai kauri. Robobin da ake jera ƙwayoyi a ciki kafin walda suna zuwa da rami na milimita 18.4 ko 18.5, ƙwayoyi kuma ba su zama ɗaya ba. Auna kaurin da ma'aunin kalifa (caliper). Amma kada ka auna tsawo da kalifa na ƙarfe, domin zai haɗa kai da gindi nan take. Idan ramin ya ɗan yi faɗi, zagaye ɗaya na tef ɗin Kapton, mai jure zafi, a daidai inda robar ke kamawa yana ƙara kamar milimita 0.1, yawanci ya isa. Baƙin tef na masu wayarin bai dace ba, gam ɗinsa yana narkewa da zafi. Kuma kada ka matse har sai ka buga ƙwayar ta shiga, nan ma leda za ta yage.

Idan batirin na walda ne, sa ɗan tsinken roba ka ɗaga gefen kowane farantin nikel a hankali. Walda mai kyau ba ta ɓallewa, sai dai farantin ya yage ya bar ɓurɓushi a kan ƙwayar. Wadda ta ɓalle salin-alin, sake ta da sabon faranti mai kaurin milimita 0.15, ɗigo huɗu a kowane kai. A kula, ana sayar da ƙarfe mai fentin nikel da sunan nikel zalla. Kankare guntu ka jefa a ruwan gishiri, in ya yi tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙarfe ne, kuma ya fi saurin ɗaukar zafi.

Wani lokaci ido ba ya ganin mai laifin. Sa mita a kan milivolt, kunna kayan da batirin ke ɗauka, ka ɗora tsinke ɗaya a bakin ƙwaya, ɗaya a ƙarfen da ke manne da ita. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda lambarta ta ninka ta sauran, ita ce.

Yanzu mayar da ita, kuma a nan ake yawan kuskure. A batirin 3S4P, wato rukuni uku a jere, kowanne da ƙwayoyi huɗu, ƙwayar da ta saki tana iya tsayawa a volt 4.1 alhali 'yan'uwanta uku sun sauka zuwa 3.4. Idan ka manna ta haka, za ta juye musu wuta da ƙarfi. Yi mata caji ko ka sauke ta ita kaɗai har bambancin ya koma ƙasa da volt 0.1. Wadda ta sauka ƙasa da volt 2, ko ta lotsa, ko take wari mai zaƙi-zaƙi, ta gama aiki. Rufe bakinta da tef, kuma kada ta shiga sharar da ake ƙonawa.

Gida mai sifirin na tocila ne da ƙaramar fanka, amfiya 2 ko 3 a kowace ƙwaya. Inbata da keke mai batir walda suke so. Bayan gyara, cike gurbin da ke tsakanin batirin da akwatinsa da soso mai tauri, ka ɗora masa cikakken kaya na minti 15, ka kashe, sannan ka bi kowane haɗi da yatsa. Wanda ya fi sauran ɗumi, koma kansa. Cajin farko kuma a yi shi a inuwa kana wurin, domin iyakar zafin caji ga irin waɗannan ƙwayoyi digiri 45 ne, kuma ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ba ya nesa da hakan.