Yadda ake haɗa motar yara mai batir da kula da ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau motar yara ce a gabanmu, irin mai manyan tayoyin nan da ke hawa yashi da tsakuwa, mai batir na volt 12. A kawo sifana da sukundireba da fulaya, a shimfiɗa tabarma don kada ƙananan notuna su ɓace a ƙasa.

Mu fara da taya. Kun ga wannan sandar ƙarfen da taya ke shiga? Washa ce ke fara shiga, sai taya, sai wata washar, sannan noti. Tayar baya tana da haƙora daga ciki, dole su zauna daram a cikin na giya, in ba haka ba inji zai yi ta kuka mota tana tsaye. To, ku matso ku ga ɗan fin ɗin nan mai ƙafa biyu. A zura shi a hudar bakin sandar, a ware ƙafafunsa da fulaya, ɗaya nan ɗaya can. Don Allah, iyaye, kada a musanya shi da guntuwar waya ko ƙusa. Shi ke riƙe taya yaro na cikin tafiya. Yanzu ku girgiza tayar gaba: in tana rawa a ƙara ɗaurewa, in ta ƙi juyawa a ɗan sassauta.

Batir yana ƙarƙashin kujera. Jar waya wajen ja, baƙa wajen baƙi. Cajin farko awa 8 zuwa 12 ne, kafin yaro ya hau, duk kukan da zai yi. Babba ne zai riƙa jona motar a wuta, kuma da cajar da ta zo da ita. Kada a bar ta a rana, zafi na cin batir. Ko a ajiye take, a yi mata caji duk wata.

Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, sai a goge da ɗanyen tsumma, ba a kwara mata ruwa. Duk sati a bi notuna, a cire zare da ledar da suka naɗe a sandar taya.

Wajen hawa kuma, yaro ɗaya, da hular kwano da takalmi, nauyinsa bai wuce abin da aka rubuta a kwali ba. Ban da titi, ban da kusa da rijiya ko kwata. In tana da rimot, ya kasance a hannunki, Hajiya, idonki a kan yaron.