Jirage Cike da Sama, Ba Wanda Ya San Na Kusa da Shi

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da hayaniyar nan. Yanzu aka tashi daga kallo a bakin ruwan birnin Shenzen na ƙasar Sin, wuyana har ciwo yake don ɗaga kai. Ƙananan jirage marasa matuƙan nan masu farfela huɗu ne suka tashi garke guda, kafin ka ce kwabo sun zama kifi, kifin ya karkaɗa jela ya koma fure. Wallahi sai da na riƙe baki. A garin nan ne ma aka tayar da jirage 10,197 lokaci ɗaya a 2024.

Wani Alhaji ɗan kasuwa muka taho tare daga Gwanzo, jirgin ƙasa mai gudu, kusan yuwan 75, rabin awa kun iso. Sai cewa ya yi, "Ai babbansu suke bi, kamar hawan sallah." Abin ya ɗan sosa mini rai, don karatun da ya raba ni da gida ke nan. Na ce Alhaji, tsarin jagora da mabiya akwai shi, amma liman ne da mamu. In liman ya yi rafkanuwa, sahu duka ya shiga ciki, ƙaramin kuskure kuma kafin ya kai sahun baya ya zama babba.

Waɗannan da muka gani ba ruwan wani da wani. Tun a ƙasa kwamfuta ta rubuta wa kowanne hanyarsa: a daƙiƙa kaza kana wuri kaza, ka kunna launi kaza. Agogonsu ɗaya ne, daga tauraron ɗan Adam, GPS ko BeiDou na 'yan Sin. Sai wata na'ura da aka kafa a ƙasa tana gyara musu lissafi, kuskuren bai wuce 'yan santimita ba.

Mai wahalar, wanda muke fama da shi a makaranta, shi ne irin na tsuntsayen jan-baki. Duk wanda ya yi gadin gona a wajen Haɗeja ya san su, ba sarki ba waziri, amma juyi ɗaya suke yi. Wani masanin kwamfuta, Craig Reynolds, ya kwaikwayi haka a kwamfuta tun 1986 da dokoki uku: kar ka yi karo da maƙwabci, ka fuskanci inda suka fuskanta, kar ka yi nisa da su. Kai, na tuna yadda muke kaɗa gwangwani tun asuba, Inna ta aiko mana da fura a ƙwarya. Nan ko nonon kirki babu.

In kun zo kallo, kar ɗaukar bidiyo ya ja ku ƙarƙashinsu. A Orlando ta Amurka, Disambar 2024, wasu sun rikito har yaro ya ji mummunan rauni. Kuma kar ka ce za ka tayar da naka a wurin, 'yan sanda ba sa wasa da wannan.

Bari in nemo Alhaji, ya ɓace mini a layin shiga jirgin ƙasa.