Lambar yabo tana akwati, amma babu ita a DD-214: yadda tsohon sojan Amurka ke gyara takardar sallamarsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar tsofaffin sojojin Amurka za mu yi, kuma kafin wani ya ce ina ruwanmu da su, ku tuna akwai 'yan uwanmu daga Najeriya da Gana da Nijar da suka je can suka samu katin zama, suka sa kaki, wasu har Iraƙi da Afganistan an kai su, yanzu sun ajiye aiki suna zaune da iyalansu. In kai ne, ko babanka, ko mijinki, to ki ajiye abin da kike yi ki saurara.

Duk sojan Amurka da ya gama aiki ana ba shi wata takarda da suke kira DD-214. Tun 1950 ake amfani da ita. Ita ce takardar sallama, a ciki aka rubuta ranar da ka shiga, ranar da ka fita, muƙaminka, aikin da ka ƙware a kai, da irin sallamar da aka yi maka, ta mutunci ce ko akasin haka. To a jikinta akwai wani gurbi mai lamba 13, nan ake jera lambobin yabo da bajoji da duk wata shaidar fagen fama da ka samu. Matsalar da muke magana a kai ita ce mutum ya buɗe akwatinsa ga lambar nan a ciki, ga hoton ranar da kwamanda ya maƙala masa ita a ƙirji, amma ya duba gurbi na 13 babu ita. A wurin gwamnatin Amurka kuwa abin da ba ya takarda kamar bai faru ba ne.

Tukuna, kafin ka tayar da hankalinka, leƙa gurbi na 18. Sau da yawa in lambobin sun yi yawa wuri ya ƙare, a can ƙasa ake ci gaba da jera su. Wasu har sun fara rubuta ƙorafi ashe abin yana nan a gabansu.

In ka duba can ma babu, to ya aka yi? Akawu ne ke cika takardar nan daga abin da ya tarar a fayil ɗinka a makonnin ƙarshe, kuma kai a lokacin hankalinka ya riga ya tafi gida, an miƙo maka ka sa hannu ka sa, wa zai tsaya karanta layi-layi. Wani lokaci an rubuta a ba ka lambar amma ba a amince ba sai bayan ka tafi. Wani lokaci yabon na bataliya ne gaba ɗaya, kuma irin wannan yakan ɗauki shekaru kafin ya fito. Akwai kuma wanda ya fi ba mutane mamaki, wato lambar da ba a ma ƙirƙire ta ba sai bayan ka bar aiki, aka ce kuma ta shafi na baya. Korea Defense Service Medal a 2002 aka kafa ta, amma ta koma baya har 28 ga Yuli 1954, kenan duk wanda ya yi aiki a Koriya ta Kudu cikin shekarun nan ya fita kafin 2002 ba zai gan ta a takardarsa ba. Lambobin yaƙin Iraƙi da na Afganistan sai 2004 aka kafa su alhali an daɗe da fara yaƙin. Combat Action Badge, wato bajon gwabzawa na sojan ƙasa, a 2005 ya zo, aka mayar da shi baya zuwa 18 ga Satumba 2001. Haka tun 1947 aka yanke cewa duk wanda ya samu Combat Infantryman Badge, bajon gwabzawa na sojan ƙafa, a yaƙin duniya na biyu ya cancanci lambar Bronze Star, amma tsofaffi da dama sun rasu ba su taɓa jin labarin ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ɗan ƙarfe ne da ƙyalle. Ba haka ba ne wallahi, akwai kuɗi da magani a bayan layin nan guda. Ɗauki Purple Heart, wadda ake ba wanda abokan gaba suka ji wa rauni. Mai ita yana shiga rukuni na 3 a jerin waɗanda ake fifitawa a asibitocin ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA. In neman aikin gwamnatin tarayya yake, ana ƙara masa maki 10, mai lambar fagen fama kuma maki 5. Kuma dokar 2017 ta ce wanda ya samu Purple Heart daga 11 ga Satumba 2001 zuwa sama za a biya masa kuɗin karatu na GI Bill cikakke ko da bai daɗe a aiki ba. Sannan ga masu neman diyyar ciwon firgicin yaƙi, wanda ake kira PTSD, in takardarka ta nuna Purple Heart ko bajon gwabzawa, VA tana ɗaukar haka a matsayin shaidar cewa lallai ka shiga wuta, ba sai ka yi ta wahalar kawo hujjar ranar da abin ya faru ba.

To yanzu gyaran. Abu na farko ba rubuta ƙorafi ba ne, ka fara karɓo fayil ɗinka gaba ɗaya ka ga me ke ciki. Akwai fom da ake kira SF-180, ko ka cika ta intanet a shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, buƙatar ta tafi cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri, NPRC kenan. Waɗanda suka fita cikin shekarun nan fayil ɗinsu na kwamfuta ne, suna iya jawo shi ta shafin intanet na ma'aikatar tsaro mai suna milConnect. Kuma kar ka ce a turo maka DD-214 kawai, ka rubuta ƙarara kana son dukkan fayil ɗin, don a ciki ne za ka tarar da abin da ya fi komai nauyi a wannan harka, wato takardar oda. Kowace lambar yabo ta mutum ɗaya tana da odar da aka fitar da ita, mai lamba da kwanan wata da sa hannun hedikwata. Ita ce ainihin shaida. Ƙarfen kansa ana sayar da shi a shago, kowa zai iya saye.

Daga nan sai ka gane a wane hali kake, domin ba ƙofa ɗaya ake bi ba, kuma yawancin ɓata lokacin da ake yi daga ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ne.

In odar tana hannunka, ko lambar irin wadda ake samu ce don kawai ka yi aiki a wuri kaza a lokaci kaza, to naka mai sauƙi ne, kuskuren akawu ne. Ka rubuta wa ofishin rundunarka: sojan ƙasa suna Fort Knox a Kentucky, na ruwa suna Millington a Tennessee, na sama suna Randolph a San Antonio ta Texas, marin, wato rundunar Marine Corps, kuma Quantico a Virginia. Ka haɗa kwafin DD-214 da kwafin odar, ko takardar tura ka fagen fama, ko takardun albashi da ke nuna an biya ka alawus ɗin haɗari a watannin. In sun gamsu za su ba ka DD-215, 'yar takardar gyara ce da ke cewa a ƙara kaza a gurbi na 13, wani lokaci kuma sabuwar DD-214 za su buga maka ɗungurungum.

In sun ƙi, ko maganar tana da gardama, sai a tafi hukumar gyaran bayanan soja. Sojan ƙasa da na sama da na ruwa kowa da tasa, marin suna bin ta na ruwa, fararen hula ne manyan ma'aikata ke zama a kai, kuma tun 1946 majalisar dokoki ta kafa tsarin don ta gaji da yin doka ta musamman a kan kowane soja ɗaya. Fom ɗinsu shi ne DD-149. Ku riƙe lambar nan da kyau, saboda akwai wani mai kama da shi, DD-293, wannan na masu son a canja musu irin sallamar da aka yi musu ne cikin shekara 15, ba ruwansa da lambar yabo. In ka tura shi watanni za su wuce sannan a ce maka ka yi ɓatan kai.

A nan nake so mu ɗan daɗe. Hukumar nan tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, kai ne za ka nuna ba daidai ba ne. Ba za su fita su yi maka bincike ba, ba za su kira tsohon sajan ɗinka a waya ba, kuma galibi ko ganinka ba za su yi ba, takardu kawai za su karanta su yanke hukunci. Saboda haka mutumin da ya cika shafi biyar yana ba da labarin irin wahalar da ya sha da yadda aka yi masa rashin adalci, ba tare da ya maƙala takarda ko ɗaya ba, ya sha kaye tun kafin a buɗe ambulan ɗin, duk da cewa gaskiya yake faɗa. Wanda ya rubuta layi shida, ya ce a ƙara lamba kaza, ga odar, ga ranar, ga dokar da ta ce na cancanta, shi ke cin nasara. A kan Purple Heart misali abu uku suke nema: raunin daga abokan gaba ne, ya kai a ce likita ya yi magani, kuma an rubuta maganin a bayanan asibitin soja. Nan ne masu jijjigar ƙwaƙwalwa daga bam ɗin gefen hanya suke shan wuya, don a lokacin da yawa sun girgiza kai sun koma bakin aiki ba wanda ya rubuta komai, sai a 2011 aka fayyace ƙa'idar yadda irin wannan rauni ke shiga ciki. In babu takardar likita, ka nemo rahoton bataliya na ranar, ka nemo mutum biyu da suke wurin su rubuta abin da idonsu ya gani su yi rantsuwa a kai. Shaidar abokin da kawai ya ji labari daga bakinka ba ta da wani nauyi.

Doka ta ce ka shigar da ƙorafi cikin shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, ba daga ranar da ka bar aiki ba, kuma ko ta wuce hukumar tana da ikon ɗaga ƙafa in adalci ya buƙaci haka, sai dai ka faɗi dalilin jinkirin a fom ɗin, kar ka bar wurin fanko. Su ma an ɗora musu wa'adi, kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe a gama su cikin wata 10, sauran kar su wuce wata 18. Sai haƙuri dai. In sun ƙi kana iya neman a sake dubawa amma da sabuwar hujja, ba tsohuwar da aka sake wa ambulan ba, bayan nan kuma sai kotun tarayya.

Akwai hali na uku, mafi wuya, wato ba a taɓa ba ka lambar ba kwata-kwata, ko an ba ka ƙarama alhali abin da ka yi ya fi ta. Wannan ba gyaran rubutu ba ne, sabuwar lamba ake nema, kuma wa'adin miƙa sunan mutum ya daɗe da wucewa. Hanyar ita ce sashe na 1130 na dokar sojoji, ta hannun ɗan majalisar tarayya na yankinka, shi zai tura wa rundunar ta duba, kuma dole wani da ya san abin da ya faru ne zai rubuta shawarar a ba ka, ba kai za ka yabi kanka ba. Yana yiwuwa, amma ku ji tsawonsa. Henry Johnson baƙar fata ne daga rundunar da ake wa laƙabi da Harlem Hellfighters, a watan Mayun 1918 a Faransa ya yi artabu da gungun Jamusawa cikin dare har da wuƙa, ya sha raunuka, Faransa ta ba shi lambar yabo, ƙasarsa ta yi shiru. Ya rasu a 1929. Purple Heart ɗinsa sai 1996 ta fito, babbar lambar ƙasar kuma, Medal of Honor, sai 2015 Obama ya bayar. Na kusa-kusa kuma Alwyn Cashe, wanda ya yi ta jawo yaransa daga motar yaƙi mai ci da wuta a Iraƙi a 2005 har ƙunar ta yi ajalinsa, Silver Star aka fara ba shi, sai Disamban 2021 aka ɗaga ta zuwa Medal of Honor.

Masu neman na kakanni, ga wani abu. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar St. Louis ɗin nan ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, kuma babu kwafi. Kusan kashi 80 na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 sun tafi, da kusan kashi 75 na sojojin sama na 1947 zuwa farkon 1964 waɗanda sunayensu ke bayan Hubbard a jerin haruffa. In aka ce maka fayil ya ƙone ba shi ne ƙarshen magana ba, ana harhaɗo bayani daga rahoton safiya na kamfanin sojoji, takardun biyan albashi, rajistar asibiti da ododin hedikwata, waɗanda a wani wuri daban aka ajiye su. Kuma duk wata tsohuwar takarda da ke cikin akwatin kaka a gida yanzu ta zama zinariya, ta yiwu ita kaɗai ta rage a duniya.

In mai takardar ya rasu, matarsa ko 'ya'yansa ko iyayensa ko 'yan uwansa na jini suna iya nema a madadinsa, su haɗa da takardar shaidar rasuwa da abin da ke nuna dangantaka. Fom ɗin kyauta ne, ba a sayar da shi, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da jami'ai masu taya mutum cikawa ba ko sisi, haka ofishin tsofaffin sojoji na ƙaramar hukumarku. Wanda ya ce ka turo dala ɗari biyu zai gaggauta maka, ka riƙe kuɗinka. Sannan don Allah kar wani ya ce bari in gyara da hannuna a kwamfuta tunda ai na cancanta, jabun takardar gwamnati kenan, kuma dokar 2013 ta mayar da ƙaryar samun irin su Purple Heart don cin wata moriya laifin da ake ɗaure mutum a kai.

Kwafi za ka tura, asalin takardunka su zauna a gida, don abin da ya shiga can ba lallai ya dawo ba. Ka sa hannu a fom ɗin, ana mayar da su saboda wannan kawai. Ranar da DD-215 ta iso kuma ka haɗa ta da DD-214 wuri guda, ita kaɗai ba ta aiki, sannan ka aika wa VA kwafi da kanka, kar ka zauna jiran wai ofisoshin za su gaya wa juna.