Kuɗin Kafin Alƙalami Na Gida: A Ina Za Su Kwana?

[Hoto: dillali a ƙofar wani gida, waya a kunne]

Tun makon jiya ake ta yawo da tambaya ɗaya: na tara kuɗin kafin alƙalami na gida, ina ya fi riba in ajiye su? Malam, ka fara daga wutsiya. Tambayar farko ita ce, wace rana za a ce maka kawo kuɗin?

Kalli kalandar nan. A ce naira miliyan takwas ce a hannunka, kana sa ran ciniki ya faɗa nan da wata shida. Dillali ba ya aiko da goron gayyata. Ranar Talata zai kira ka, wai mai gida na son kuɗi kafin Juma'a, don akwai wani Alhaji da ke zawarcin gidan. Kullum akwai wani Alhaji. To a ranar, kuɗinka suna ina?

[Hoto: kalanda, ana zagaye ranaku da jan biro]

In suna cikin sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya, ba laifi, halas ne, riba na shigowa. Amma na farko da aka fitar a 2017, wa'adinsa shekara bakwai ne. Kana iya sayarwa kafin lokaci, sai dai a farashin da kasuwa ta ga dama ranar. In kuma ɗaure su ka yi a banki na wata shida, ka zo cirewa a wata na huɗu, za a zaftare ribar. Takardun bashin gwamnati na gajeren zango kuwa, akwai na kwana 91, 182 da 364. Ɗauki wanda zai cika kafin ranarka. Kafin, na ce. Ko da mako biyu ya wuce ta, Alhaji ya tare.

Wani zai ce, ni Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, zan je in sayi dala. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, a Afrilu ta sauko wajen 1,100. Wanda ya saya a sama, dillali ya kira shi a Afrilu, ɗaki biyu sun tafi.

Saura da sauri. Manhajar ninka kuɗi: MMM a 2016, CBEX a 2025, duk sun durƙushe da kuɗin mutane, ba sai na ƙara ba. Adashi yana da kyau, in kwasarka ta zo daidai da lokacin. Mai gudun kuɗin ruwa, akwai asusun mudaraba, wanda banki ke juya kuɗinka ku raba riba, a bankuna irin su Jaiz da TAJ, ka tambayi sharaɗin cirewa kafin ka sa hannu.

[Hoto: rufaffiyar ƙofar banki]

Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, tun 2024 naira miliyan biyar ce ga kowane mai ajiya a kowane babban banki, ƙananan bankuna miliyan biyu. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu abin da ya haura miliyan biyar jira suka yi. Ni dai, miliyan takwas ɗin nan raba ta zan yi, biyar nan, uku can.

Eh, hauhawar farashi na cin su kaɗan-kaɗan, na sani, yana min ciwo. Amma Talatar nan, kana ajiye wayar dillali za ka tura kuɗin.