Roka da Fartanya: Hira Kan Rayuwar Baba

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Shirin yau na gida ne. Shekara guda ke nan da rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni da ƙanwata muka gayyato Kawu, wanda ya daɗe yana yi masa yaron mota.

Kawu: Allah ya jiƙansa da rahama. Ku ce karen mota kawai, da sunan aka san mu a tasha.

Ƙanwa: Amin, Kawu. Ni tun daga ɗaki nake gane ƙarar motar Baba, ko da tsakar dare ya shigo gari.

Kawu: Ai Roka ba ta ɓuya. Marsandi 911 ce, bodin katako. Amma ba da ita ya fara ba. Yana tuƙi tun kafin Najeriya ta koma hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma motar da ya koya da ita sitiyarinta a dama yake. Ni daga baya na same shi.

Yaya: Wace hanya kuka fi bi?

Kawu: Ikko. Lokacin sanyi mu yi lodin tumatir a Kadawa, wajen Kura, inda ruwan Tiga ya sa noman rani ya kankama. Mu bi Zariya, Kaduna, Mokwa, mu haye gadar Jebba, sai Ilori, sai Badun, mu sauke a kasuwar Mile 12. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. In mota ta kwana biyu a daji, ruwa za ka ga yana tsiyaya daga kwanduna, mai kaya ya tafka asara. Saboda haka mahaifinku ba ya tayar da mota sai ya duba mai da ruwa da birki da hannunsa, ko da na ce na duba.

Ƙanwa: A dawowa ne kuke zuwa mana da goro.

Kawu: Daga Shagamu. Huhu-huhu muke ɗaukowa, ina yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe. Wani lokaci kuma manja.

Yaya: Abin da abokansa direbobi suka kasa ganewa shi ne damina. Ruwan shuka na sauka, sai ya ajiye mota a gindin tsamiya, ya ja tamfol ya rufe ta.

Kawu: Sun sha yi masa magana. Ga kuɗi a kan titi, ka tsaya kana duƙe? Shi kuwa a wurinsa motar ce ke yi wa gona aiki. Da bazara ma taki yake kwasowa daga birni da ita, ya zube a gandu tsibi-tsibi. Gero da wake a kunya ɗaya, dawa can wajen fadama. Sai an gama maimai yake sake taɓa sitiyari.

Ƙanwa: Ni damina na fi so, don ita ce ke ba mu Baba. Sauran watanni sai mu yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba, kuma babu waya. Inna ta kan zauna a kan sallaya har dare ya raba.

Yaya: Kawu, ba mu labarin farin 1984.

Kawu: Kai, wannan shekara! Gero ya bushe a tsaye. Rumbunsa biyu na hatsin bara ya buɗe wa dangi da maƙwabta. Da suka ƙare, sai ya daina ɗauko goro, ya koma ɗauko garin rogo daga kudu, yana sayarwa a ƙofar gida yadda ya sayo, kuɗin mai kawai yake ɗorawa. Wasu ma bashi suka ci, kuma har ya bar duniya ban ji ya tuna wa kowa ba.

Ƙanwa: Ban taɓa jin wannan ba.

Kawu: Ai ba zai faɗa ba. Ni nake auna garin da kwano, shi ya sa na sani.

Yaya: Motar dai an sayar da ita tun da idonsa ya fara rauni. Gandun kuwa na nan, bana dami arba'in muka ɗaure. Kawu, naka na zaure, in mun tashi sai a sa maka a mota.