Ringin bim: akwai abin da zai maye gurbin rodi?

(Daga laccar da wani injiniya ya yi wa magina da masu lanƙwasa rodi a Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Iyayena magina, 'yan'uwana masu aikin ƙarfe, sannunku da zuwa.

Kowa a nan ya san ringi, ƙaramin rodin nan mai kaurin milimita 8 ko 10 da muke lanƙwasawa mu zagaye manyan roduna da shi. To shi mai gida ya fi rainawa, da kuɗi sun fara ja baya sai ka ji "malam a ɗan buɗa tazarar mana". Wallahi abin yana ci mini rai. Bim, wato kankaren nan da ke kwance kan fila yana ɗauke da deki, in zai karye ta tsakiya yakan yi gargaɗi, ya lotsa, ya tsattsage, amma tsagar da ke tasowa a karkace kusa da fila, wajen digiri 45, ba ta sallama, lokaci guda take kawo dekin ƙasa, kuma ringi ne ke ɗinke ta. Shi ya sa BS 8110, kundin ƙa'idojin ginin kankare na Birtaniya, ya hana tazara ta wuce kashi uku cikin huɗu na zurfin bim.

To me zai iya zama madadinsa? Akwai zaren ƙarfe, guntaye masu ƙugiya a baki, ana kwaɓa su cikin kankare. A Amurka tun 2008 dokar ACI 318 ta yarda a sa su maimakon mafi ƙarancin ringi, amma da sharaɗi fa, kilo 60 a kowace kubik mita, zurfin bim ɗin kuma kada ya wuce milimita 600. Da shebur ba za su gauraya ba, dunƙulewa suke yi, sai da mikisa.

Sai rodin zaren gilashi. Ba ya tsatsa, don haka ya dace da wuri mai damshi irin bakin ruwan Yawuri, sai dai Malam mai ƙarfe ba za ka lanƙwasa shi a wurin aiki ba, daga kamfani yake zuwa a lanƙwashe, kuma a daidai wurin lanƙwasar ne ƙarfinsa ke raguwa sosai.

Gora kuwa, na san ita kuke jira don tana da araha. Tana da ƙarfin ja, ba musu, amma tana shan ruwan kankare ta kumbura, in ta bushe ta motse ta saki siminti, sai ka samu rami a cikin bim. Ɗalibai su ci gaba da gwada ta a ɗakin gwaji, ina goyon baya. Amma bim ɗin da yara za su kwana a ƙarƙashinsa, ni dai ba zan sa hannu ba.

Baba na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.